Yadda Ake Turara Randa a Ɗanɗani Ruwanta

Talata da Juma'a kasuwar Karmo ke ci, kuma a cikinsu nake fita neman randa. Ginin matan Gbagyi nake bi, mutanen su Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Ta rasu tun 1984, amma hannun bai bar yankin nan ba. Wajen zaɓe, sai a ƙwanƙwasa randar da yatsa: in ta amsa rau, ta gasu, in ta yi dum, akwai tsaga a ɓoye. A gida a cika ta a zubar, kwana uku, har ɗanyen warin yumɓu ya fita.

Turarawar ce aikin. Innata ba ta taɓa barin yarinya ta yi mata shi ba. Randa za a ɗauraye a bari ta tsane, amma kada ta bushe ƙayau, domin danshin nan ne ke riƙe hayaƙi a jikin ƙasar. Garwashi uku ko huɗu sun isa a kasko, waɗanda suka ruru har toka ta fara rufe su. A barbaɗa dakakken kajiji da ɗan ƙaro, a kife randa a kai, a tokare bakinta da ƙaramin dutse don wuta ta samu iska. In aka rufe ruf, garwashi ya mutu. In harshen wuta ya tashi, cikin randar ya yi baƙi, ruwan ya riƙa ƙauri har mako guda. Farin hayaƙi siriri ake so ya riƙa leƙowa ta gefe. Da ya lafa a juyo ta, a zuba ruwa nan take tun ƙamshin bai gudu ba, a jefa saiwar jema, a rufe da faifai.

Masu firji sukan tambaye ni me ya sa nake wahala. Randa ba ta jiran wutar lantarki. Gumin da take yi ta ƙananan ƙofofin jikinta ne iska ke busarwa, ruwan ya yi sanyi. Firji kuwa ba ya sa wa ruwa ɗanɗano.

Da asuba ake gwadawa, kafin goro ko shayi su taɓa harshe. A ɗebo da moɗar duma, ban da kofin roba. A fara shinshinawa. Sannan a kurɓa kaɗan, a riƙe a baki. Ƙamshin ƙasa ne ke fara zuwa, irin na yayyafin farko, jema na biye da shi, kajiji kuwa sai an haɗiye yake tasowa ta maƙogwaro. In turare ya riga ƙasa isowa, hannu ya yi nauyi, a zubar a sake cikawa. In ya zo daidai, Inna takan ƙara moɗa ta biyu ba tare da ta ce komai ba, ta mayar da faifai.