Jagorar Makaho Wanda Kuma Kurma Ne

’Yan’uwa, kun san ɗan jagora a kasuwar Rano ko Kibiya, yana riƙe da sanda yana cewa, “Ga rami.” To, in makahon kurma ne fa? Sanƙarau, irin na Kano a 1996, yakan iya ɗauke ji da gani duka. Mai wannan hali, tafin hannunsa ne kunnensa. Ta hannu Anne Sullivan ta koya wa Helen Keller kalmomi a Amurka a 1887.

Ku lura da abu uku:

1. Taɓa kafaɗarsa tukuna, ya san ka zo.
2. Ya riƙe hannunka, kada ka ja shi.
3. Sanar da shi abin da ke gaba, amma shi zai zaɓi inda za ku.

Tambaya: Wa ke yi wa irinsa jagora a unguwarku?