Wa Ke Da Haƙƙin Riƙon Ɗa Bayan Saki?

Jama'a, da yawanmu suna zaton da an yaye yaro sai uba ya karɓe abinsa. Wannan al'ada ce, ba Shari'a ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Risala ta bayyana, riƙo na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta sake aure ko ta rasu, sai mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Ci da sutura kuwa suna wuyan uba.

Suratul Baƙara, aya ta 233, ta hana a cuci uwa ko uba saboda ɗansu. To, mai ƙwace yaro don huce haushi, da mai hana uba ganinsa, su ji tsoron Allah.

Allah Ya sa mu gane.