Kukan Rahila da Addu'ar Ikilisiya Domin Ɗalibai

A ranar Alhamis Mai Tsarki, 2 ga watan Afrilu na shekarar 2015, da asuba, 'yan bindiga huɗu na ƙungiyar Al-Shabab suka shiga Kwalejin Jami'ar Garissa a ƙasar Kenya. Cikin waɗanda suka fara tararwa akwai ɗalibai Kirista da suka taru domin addu'ar safe. Kafin dare an kashe mutum 148, kuma 142 daga cikinsu ɗalibai ne. Aka kwashe gawawwakin zuwa birnin Nairobi, inda iyaye suka yi kwanaki a layi suna neman gane 'ya'yansu. Mu ma mun san ɗacin wannan ƙoƙon, gama a ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012 an harbe masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero ta Kano.

Me Ikilisiya take koya mana a irin wannan rana?

Da farko, ba ta hana mu kuka. Sau da yawa mukan je gidan makoki mu ce wa uwa, "Ki yi shiru, nufin Allah ne." Niyyarmu mai kyau ce, amma maganar ba daidai take ba. Kisan kai ba nufin Allah ba ne, gama shi da kansa ya haramta shi cikin doka ta biyar. Sa'ad da Hirudus ya kashe 'yan yaran Baitalami, Matiyu bai yi wa iyayensu faɗa ba. Sai ya tuna da Rahila, wadda annabi Irmiya ya ji tana kukan 'ya'yanta, ta kuma ƙi a lallashe ta. Littafi Mai Tsarki ya adana wannan kuka, bai share shi ba. Ubangijinmu kansa ya zub da hawaye a bakin kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi nan da nan. Manzo Bulus kuwa, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege.

Mutuwar ɗalibi tana da nata nauyi dabam. Wani uban ya sayar da hatsi da akuya, wata gwauruwa ta ci bashi, domin yaro ɗaya ya kai jami'a ya ɗauki ƙannensa. Ranar da aka binne shi, an binne shi tare da abin da dukan gidan yake jira. Wanda ya je ta'aziyya bai lura da wannan ba, bai ga rabin rashin ba.

Sa'an nan Ikilisiya tana ba mu aikin yi. Cikin Littafin Makabi na Biyu, sura 12, Yahuda Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima domin a miƙa hadaya saboda sojojinsa da suka mutu a yaƙi, gama ya gaskata za su tashi. A kan wannan ne muke roƙon Fada ya miƙa Misa domin matattu. Ɗaliban nan sun mutu farat ɗaya, ba su sami zarafin furta zunubi ko karɓar shafewar mai ba, shi ya sa muke danƙa su ga jinƙan Allah. Ba dukansu ne Katolika ba, amma a kowace Misa Ikilisiya tana tunawa da dukan waɗanda suka mutu. Paparoma Francis ya ambaci ɗaliban Garissa cikin jawabinsa na ranar Ista, kwana uku bayan kisan.

Abin da ya fi wuya shi ne addu'a domin masu kisan. Ɗaya daga cikin huɗun nan ya karanta aikin lauya a Jami'ar Nairobi. Wato shi ma ya taɓa zama a kan benci yana riƙe da alƙalami, kamar waɗanda ya harbe. Istifanus ya roƙa wa masu jifansa gafara, kuma Shawulu yana tsaye a wurin yana goyon bayan kisan. Amma kada katikis ko shugabar Zumuntar Mata su matsa wa uwa ta yi wannan addu'a a makon farko. Idan bakinta bai iya ba tukuna, sai jama'a su yi a madadinta. Gafara kuma ba ta hana neman shari'a, ba ta kuma hana tambayar hukuma yadda aka bar makaranta ba isasshen tsaro.

A ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan masu bi da suka rasu, bari kowace majami'a ta rubuta sunayen ɗalibanta da suka rasu, a karanta su ɗaya bayan ɗaya kafin addu'ar masu bi. Mutanen Kenya ma haka suka yi bayan Garissa: sun taru a Nairobi da kyandir da fararen gicciye, suna kiran sunayen 'ya'yansu.