Turodos: Shirin da Ya Kamata Baƙo Ya Yi Kafin Ya Hau

Kuskuren da baƙi suka fi yi a tsibirin Saifurus shi ne auna dutse da yanayin bakin teku. Mutum zai baro birnin Limasol da 'yar shara da silifas, rana na dukansa, cikin awa guda a mota sai ga shi a tsaunukan Turodos haƙora na kaɗawa. Ƙololuwarsu, Olimfus, ta kai mita 1,952, kuma daga Janairu zuwa Maris ƙanƙara kan lulluɓe ta har a yi wasan zamiya a kai. Ko da bazara, rigar sanyi da takalmi mai riƙe ƙafa dole ne.

Wurin kuwa ya cancanci wahalar. Hanyar Atemis, mai tsawon kusan kilomita 7, ta kewaye ƙololuwar cikin tsofaffin itatuwan fain masu ganye kamar allura, ƙamshin ƙaronsu na bin mai tafiya. A Kwarin Al'ul, mai haƙuri kan hango ragon dajin tsibirin da ƙahonsa a murɗe. Akwai kuma majami'u goma masu zanen bango da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya. Daga waje wasu kamar rumbu, ciki kuwa launi har rufi.

Babban abin tsoro shi ne wuta. Da zafi, busasshen ganyen fain kan zama kamar auduga a bakin murhu. A Yulin 2021 gobara a yankin Arakafas ta kashe ma'aikata huɗu 'yan Masar. Saboda haka ba a hura wuta sai a wuraren shaƙatawa da hukumar gandun daji ta tanada, ba a kuma jefar da guntun sigari. Wanda ya ga hayaƙi ya kira 1407 ko 112 nan take.

Direba ya tuna a hannun hagu ake tuƙi, kuma hanyoyin kwana-kwana ne. Gara a sauko kafin magariba.

Sai batun takardu, musamman ga ɗaliban Najeriya da ke karatu a arewacin tsibirin. Tsibirin a rabe yake: Turodos na ɓangaren kudu ne, wato Jamhuriyar Saifurus, kuma izinin zaman arewa ba ya ƙetarar da mutum. A nemi bizar Jamhuriyar Saifurus tukuna, sannan a ɗaura jaka.