Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Kwamfutata Za Ta Iya Gem Da Ɗan Kuɗin Da Ke Hannuna?

TAMBAYA

 Yayana ne ya bar mini kwamfutar tebur da ya saya 'yar gwanjo, Dell OptiPlex 7010. A jikinta an rubuta Core i5, wani mai gyara kuma ya duba ya ce ram ɗinta 4GB ne, ma'ajiyarta 500GB. Wajen taifin ba ta da matsala, amma da na sa ƙwallon PES sai ta riƙa sarƙewa, GTA V kuwa ko buɗewa da ƙyar take yi. Na ɗan tara wani abu daga aikin rake na bana, ba shi da yawa. Wasu abokaina sun ce in sayi babban katin girafik kawai a wuce wurin, wasu kuma sun ce in sayar da ita in huta. Mece ce shawararka?

Daga wani matashi a Nasarawan Doya, ƙaramar hukumar Makarfi.

AMSA

 Allah Ya sa wa neman albarka. Kada ka sayar da ita tukuna, kada kuma ka sayi komai sai ka buɗe cikinta ka gani da idonka. Abokanka sun yi gaskiya da suka ce kati ne babban abin da ta rasa. Inda suka kauce shi ne cewa ka sayi babba. Girman akwatin kwamfutar da ƙarfin fawa-fak ɗin da ke ciki, wato na'urar da ke rarraba wuta, su ne za su zaɓa maka kati, ba aljihunka ba, ba kuma bakin mai shago ba.

Bari mu fara da abin da kake da shi. OptiPlex 7010 ta fito ne a 2012, an yi ta don aikin ofis. Yawancin masu Core i5 a cikinsu suna ɗauke da furosesa i5-3470 ko 3570. Ka sauke ƙaramar manhaja kyauta mai suna CPU-Z, za ta nuna maka wadda ke cikin taka. Wannan furosesa ba abin rainawa ba ce: da kamfanin Rockstar ya fitar da GTA V ta kwamfuta a 2015, i5-3470 ya ambata da sunanta a jerin kayan da ya ce wasan zai yi daɗi da su, tare da ram 8GB da katin GTX 660. Ka ga ke nan furosesarka ta cika sharaɗi. Abin da ya gaza shi ne ram, wanda rabi kake da shi, da kuma kati, wanda ba ka da shi sam. Ɗan abin sarrafa hoton da ke cikin furosesar, Intel HD 2500, an yi shi ne don rubutu da kallon bidiyo. Shi ya sa ƙwallon ke sarƙewa.

Aikin farko ba ya cin ko kwabo. Ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe, ka fita da ita waje. Kwamfutar da ta sha hunturu biyu ko uku a ƙasarmu, za ka tarar ƙura ta yi kauri a kan fanka, ta toshe ƙarafan da ke shanye zafin furosesa. In zafi ya yi yawa, furosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, musamman a watan Afrilu cikin ɗaki mai rufin kwano. Ka hure ƙurar da bulowa, ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. In kana da mai gyara da ka yarda da shi, ya cire fankar ya goge busasshen man da ke saman furosesa ya sa sabo, ɗigo ɗaya ya isa.

Tun da murfin na buɗe, ka duba abu biyu. Na farko, wane irin akwati ne? Wannan samfuri kala huɗu ne. Akwai babba mai tsayuwa da ake kira MT, fawa-fak ɗinsa wat 275. Akwai DT mai wat 250, akwai siriri SFF mai wat 240, sai ɗan ƙarami USFF wanda ko wurin sa kati babu a cikinsa. Na biyu, ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak ɗin, ka rubuta lambar da ka gani, ka ɗauki hoton cikin akwatin da wayarka. Da waɗannan za ka shiga kasuwa.

Sayayyar farko a kayan cikin kwamfutar ita ce ram, don shi ne mafi araha, kuma in babu shi kati ba zai nuna bajintarsa ba. DDR3 kwamfutarka take ci, DDR4 ba zai ma shiga ramin ba. In guda ɗaya mai 4GB ke ciki, ka nemo masa ɗan'uwa irinsa su zama 8GB. Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba sauri, domin ta hanya biyu furosesa za ta riƙa ɗiba. Ka kiyayi gajeren ram na laftof, ka kiyayi kuma ram na manyan kwamfutocin saba da ake sayarwa da arha, in ka sa shi kwamfutar ba za ta tashi ba. Zaro naka ka tafi da shi a gwada. In kuɗi ya ragu daga baya ka kai 16GB, amma 8GB ya ishe ka farawa.

Yanzu mu zo kan kati, inda mafi yawan kuɗin zai tafi, inda kuma aka fi tafka asara. Ramin da ake soka kati a jikin bod yana ba da wutar da ba ta wuce wat 75 ba. Duk katin da ke buƙatar fiye da haka sai an jona masa wata waya daga fawa-fak, ita kuwa wannan waya babu ita a cikin kwamfutarka. Katin da na tabbata za a fi yi maka tallansa shi ne RX 580 mai 8GB. Kati ne mai ƙarfi, ya kuma cika kasuwa bayan masu haƙar kirifto sun zubar da nasu, tun da Ethereum ta daina amfani da katuna a Satumban 2022. Amma shi kaɗai yana jan wat 185, kuma fawa-fak mai wat 500 ake so a haɗa shi da shi. Sa shi a kan wat 240 daidai yake da ɗora wa babur lodin raken da aka yi wa tirela. Wasu masu gyara za su ce a sa 'yar wayar jona a wuce wurin. Kada ka yarda, hanyar ƙona bod ke nan.

Katunan da suka dace da kai su ne waɗanda wutar ramin kaɗai ta ishe su. GTX 1050 Ti mai 4GB, na 2016, yana jan wat 75. GTX 1650 na 2019 ya fi shi ƙarfi da wuta kusan ɗaya, sai dai ya fi tsada. GTX 750 Ti na 2014 yana jan wat 60, ya tsufa amma zai buga maka PES da GTA V in ka sassauta ƙawar hoto. Na ƙasansu shi ne GT 1030 mai wat 30. Shi wannan iri biyu ne masu suna ɗaya: mai GDDR5, da mai DDR4 wanda saurin ma'ajiyarsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗan'uwansa ba. Mai GDDR5 za ka nema. GT 710 da GT 730 kuwa, kome arharsu, bar su a shago. Ko a cikin 1050 Ti da 1650 akwai masu neman ƙarin waya, don haka ka juya katin ka duba gefensa, in ka ga ramuka shida na jona wuta, ba naka ba ne. Lissafin mai sauƙi ne: furosesarka wat 77, kati 75, sauran tarkace ba su da ci, ka ga ba a ƙure wat 240 ba.

In akwatinka siriri ne, DT ko SFF, dole kati ya zama gajere, mai guntun ƙarfe a baya, wanda 'yan kasuwa ke kira lo-furofayil. In babba ne, MT, kana da sa'a: dogon kati zai shiga in bai cika tsawo ba, kuma ana iya canza masa fawa-fak da na gama-gari. Amma ka haɗa kuɗin kati da na fawa-fak mai kyau ka gani kafin ka yi zumuɗi.

A wajen saye, ko PZ a Sabon Garin Zariya ka nufa, ko ka fita Tashar Yari ka hau motar Kano zuwa titin Beirut, doka ɗaya ce: kada ka biya sai an kunna a gabanka. Akwai jabun GTX 1050 Ti da yawa a duniya, tsofaffin katuna ne irin GTS 450 aka sauya musu suna da kwali. Wata alama da ido ke gani: in katin na da shuɗin ramin VGA a bayansa, ka yi shakka, domin na gaskiya ba ya fitar da irin wannan sigina. Ka sa manhajar GPU-Z a filas ɗinka, tana tona asirin yawancin jabu. Sannan ka ce a sa gem ya yi kamar minti ashirin, ka lura ko allo na fitar da ɗige-ɗige ko layuka, ko fanka na kuka. Ka karɓi rasit da alƙawarin musanya na 'yan kwanaki. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida. In monita ɗinka mai VGA kaɗai ne, haɗa da ɗan abin da ke juya HDMI zuwa VGA tun kana shagon, kada ka isa gida ka tarar ba abin jonawa.

Na uku shi ne SSD, wato ma'ajiya marar faifai. A nan sai na faɗa maka gaskiya: ba zai ƙara wa ƙwallo santsi kamar kati ba. Amfaninsa shi ne kwamfuta ta tashi cikin daƙiƙoƙi, gem ya buɗe da wuri, domin yana karanta wajen 500MB a daƙiƙa, tsohuwar ma'ajiya mai faifai kuwa ɗari da 'yan kai. Ka nemi mai SATA, 256GB ya isa Windows da gem ɗaya ko biyu, tsohuwar kuma ta zauna a matsayin rumbu. In na hannu ne, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyarsa da awannin da ya yi aiki. In kuɗi ya ƙare a kan ram da kati, SSD zai iya jiran wata kakar.

Abin da ba zai jira ba shi ne kariya daga wuta, don haka ka ware kuɗinsa tun kafin ka shiga mota. Ka fi ni sanin yadda wutar gari take zuwa rabi-rabi, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Fawa-fak da ya haura shekara goma ba shi da sauran juriya, in kuma ya tafi yakan tafi da abin da ke jone da shi. Ƙaramin sitabilaiza shi ne mafi ƙarancin abin da za ka tanada. In hali ya yi, ƙaramin UPS zai ba ka 'yan mintoci ka kashe kwamfuta cikin natsuwa. In da janareta kake aiki, bar shi ya daidaita kafin ka kunna ta, ka kuma kashe ta kafin mai ya ƙare. Duba bayan fawa-fak ɗin ma: in akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230, a kan 230 zai zauna. Wanda ya tura shi 115 a wutar Najeriya, ƙara ɗaya zai ji.

To, me za ka samu bayan duk wannan? GTA V ta asali, PES 2017 har zuwa PES 2021, da tarin wasannin da suka fito kafin 2020, za su tafi yadda rai ke so a matsakaicin saiti. Sababbin ƙwallon EA kuwa wani zance ne. EA Sports FC 24 na 2023, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne i5-6600K da GTX 1050 Ti da fili 100GB, furosesarka kuwa tana bayan wannan da zubi uku. Wasu sababbin wasannin ma ba za su buɗe ba sam, saboda suna neman wata fasaha mai suna AVX2 wadda Intel ta fara sawa a 2013. Kada wani ya ce ka sayi i7-3770 ka magance wannan, zubinsu ɗaya da taka, ƙarin da za ka gani bai kai kuɗin ba. Ka kuma sani Microsoft ya daina kula da Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai furosesa zubi na takwas zuwa sama. Gem zai ci gaba da yi, amma kada ka riƙa harkar banki a kanta, balle in kana loda gem daga filas ɗin kowa.

Ga wata tambaya da kai kaɗai za ka amsa. In ƙwallo kawai kake so, ko kana tunanin buɗe ɗan gidan gem a gari, ka tambayi kuɗin PlayStation 4 na hannu ka kwatanta da jimillar ram da kati da SSD. Sau da yawa shi ya fi sauƙin sha'ani ga mai wannan buƙata. In kuwa kana son na'ura ɗaya da za ka yi taifin, ka koyi zane ko haɗa bidiyo, da dare ka taɓa gem, gyaran kwamfutar ya fi.

Farashi ban sa maka ba da gangan, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan nan bin dala suke yi, na yau daban na gobe daban. Ka zaga shago uku kafin ka ciro kuɗi. Ka riƙe jerin: shara, sitabilaiza, ram, kati, SSD. Inda kuɗinka ya tsaya, nan za ka tsaya, kada ka ci bashi saboda gem. In ka kai ƙarshen jerin, kada ka ƙara zuba mata ko sisi, abin da ya samu daga baya ka tara don sabon zubi. Kati da SSD za su bi ka zuwa can, ram ɗin DDR3 ne kawai za ka bari a baya, shi ya sa na ce ka fara da 8GB. Allah Ya sa a dace.