Darasin Mako: Maiƙo, Sitaci da Motsa Jiki

Gasar wasanni tsakanin gidaje ta ƙarato, kuma mun ji wasu daga cikinmu sun fara ƙauracewa tuwo, shinkafa da burodi, wai sun gani a waya cewa barin sitaci yana rage ƙiba ya ƙara gudu. Kafin ka ture kwanon tuwonka, ga abin da kimiyya ta ce.

Jiki yana da makamashi iri biyu. Na farko shi ne sitaci, wanda ake samu a hatsi, doya, dankali da rogo. Jiki yana mayar da shi sukari, ya adana ragowar a hanta da tsoka. Wannan ajiya ƙarama ce, giram 400 zuwa 500 ga baligi. Na biyu shi ne maiƙo. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal, kuma ko siririn mutum yana ɗauke da kitse mai nauyin kilo da dama.

Idan mutum ya rage sitaci sosai, ƙasa da giram 50 a rana, ajiyar sukari takan ƙare cikin 'yan kwanaki. Daga nan hanta ta koma sarrafa maiƙo ta fitar da sinadaran da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa da tsoka su rayu a kansu. Shi ya sa ake kiran wannan tsari da suna kito. Wani likitan Amurka, Russell Wilder, ya tsara shi a 1921 domin masu farfaɗiya. Ka ga ke nan asalinsa magani ne da ake yi a gaban likita. A wannan tsari maiƙo ne ke cike gurbin sitaci. Wanda ya bar su duka biyun ya sa kansa cikin yunwa, sai jiri da kasala.

To, yaya batun wasanni? Maiƙo kamar gawayi yake: yana daɗewa yana ci, amma a hankali. Sitaci kuwa kamar karan dawa: nan take ya kama da ƙarfi. Tafiya mai nisa a hankali maiƙo yana ɗaukarta. Gudun mita 100 ko 400, ko fafarar ƙwallo, sai da sukari, domin maiƙo ba ya ƙonewa da sauri, kuma yana cin iskar oksijin fiye da sitaci. A binciken da Farfesa Louise Burke ta yi a Ostareliya, aka wallafa a 2017, 'yan tseren tafiyar sauri da suka yi mako 3 kan tsarin kito sun ƙara ƙona maiƙo, amma lokacinsu a tseren kilomita 10 bai gyaru ba, alhali na masu cin sitaci ya gyaru.

Saukar nauyin da ake gani a makon farko ma yawancinta ruwa ce, domin kowane giram na ajiyar sukari yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa.

Wannan ba ya nufin a guji maiƙo. Sai da shi jiki ke tsotsar bitamin A, D, E da K. Gyaɗa, riɗi, kifi, ƙwai da man gyaɗa duk suna da maiƙo mai amfani. Kitsen nama da man shanu kuwa a ci kaɗan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan maiƙo ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu a abincin yini.

Saboda haka ɗalibi mai tasowa, mai karatu da atisaye, ya ci tuwonsa da miyarsa da ɗan mai a ciki. Mai ciwon suga ko wata larura kada ya sauya abinci sai da shawarar likita.

Tambayoyin bita:
1. Kalori nawa ne a giram 20 na man gyaɗa?
2. Me ya sa mai gudun mita 400 ya fi mai doguwar tafiya buƙatar sitaci?

A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis.