Yadda Ake Yi wa Kula Fenti Mai Ƙarko

Kula na cikin kayan da ba a rabuwa da su a gidajenmu. Mai zoɓo da kunun aya da ita take fita, mai ƙanƙara da ita yake wuni a tasha. Ranar biki kuwa sai ku ga kuloli jere a tsakar gida, duk kamanninsu ɗaya, har a rasa wacce ce ta wa. Shi ya sa mutane ke rubuta suna a jikinta da fenti. Wasu kuma tasu ta koɗe a rana, suna so su sabunta ta don mai saye ya ga tsabta. Amma ba a jimawa sai fentin ya fara ɓarewa, ana sa farce yana ɗagowa, sai a ce jabu aka saya. Sau da yawa laifin ba na fentin ba ne.

Ku kifa kularku ku duba gindinta. A jikin wasu za ku ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, 2 ko 5. Wannan irin robar jarka ce da bokiti. Tana da ƙarfi, amma sulɓi gare ta kamar an shafe ta da kakin zuma. Ku yayyafa mata ruwa ku gani: sai ya dunƙule ɗigo-ɗigo ya gangare. Yadda ruwa ya rasa wurin kamawa, haka fenti ma yake rasawa. Saboda haka yawancin aikin ana yin sa ne tun kafin a buɗe gwangwanin fenti.

Da wanki ake farawa. A sa omo da ruwan ɗumi da soso, a dirje ko'ina, musamman wajen mariƙi da murfi inda maiƙon hannu ke taruwa. Idan akwai tsohuwar takardar kamfani manne a jiki, a jiƙa ta har ta saki. Kada a goge da kananzir, domin yana barin maiƙo, kuma maiƙo shi ne babban abokin gabar fenti. Fetur kuwa ga haɗarin wuta, ga warin da ba ya barin roba da sauri.

In ta bushe sai a ɗauko samfefa, takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita. A bayanta akwai lamba. Mai ƙaramar lamba ta fi kaushi. A fara da mai 120, a ƙarasa da mai 220. A riƙa gogawa a hankali ana kewayawa, har ƙyallin nan ya tafi gaba ɗaya, jikin ya yi dishi-dishi. Ku ɗaga ta a hasken rana ku juya. Duk inda kuka ga yana sheƙi, samfefa ba ta kai ba, kuma daga nan fentin zai fara tashi. Kusurwoyi da gefen rubutun kamfani su ne aka fi tsallakewa. Aikin da gajiya, amma kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne yake riƙe duk abin da za a ɗora daga baya. In an gama, a ɗauraye garin, a bari ta bushe, a goge da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit na kemis. Daga nan a daina taɓa wurin da hannu.

Cikin kula ba a yi masa fenti ko kaɗan, haka ma bakinta inda murfi ke zama, da wurin zubar da ruwa. A rufe su da tsohuwar jarida da salatif. Abinci da ƙanƙara ne ke shiga ciki. Akwai kuma fentin mai da ake sa wa dalma, musamman rawaya da ja, kuma dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinari ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara. Don haka ku karanta jikin gwangwani, ko ku tambayi mai shago fentin da ba shi da dalma.

Yanzu sai shafin ƙasa, wanda masu fentin mota ke kira firaima. Wurinsu ya kamata ku je neman shawara, domin bambar mota ma irin wannan robar ce, kuma kullum suna yi mata fenti ya zauna. Ku ce na roba kuke so, ba na ƙarfe ba. A nan ne mutane ke son rage kuɗi, kuma a ganina nan ne bai kamata a rage ba, don araha ba ta ado. In kuɗi ya gaza, gara a yi wa gaban kular kaɗai, ko ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi gwangwani ɗaya ku raba.

A girgiza gwangwanin sosai, kamar minti 2. A riƙe shi nesa da kular kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, ana fesawa, hannu yana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan ba tsayawa. Shafin farko ya zama sama-sama, har kuna hango robar ta ƙasa. A jira kamar minti 15 a ƙara. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai zuba ya yi hawaye, samansa ya bushe cikinsa da danshi. Haka za a yi wa fentin launi shi ma. A yi aikin da safe, a inuwa, inda iska ke ratsawa, a ɗaure hanci da baki, a nisanci murhu da taba da yara. Ranar da ƙurar hunturu ta taso ko hadari ya haɗu, a haƙura. Gwangwanin da ya ƙare kada a jefa shi a wuta, fashewa yake yi.

Wajen zaɓen launi, fari ko wani mai haske ya fi, musamman a murfi. Baƙi yana jan zafin rana, ƙanƙara ta yi saurin narkewa, cinikin ya ragu.

Sai rubutu. Ku fara rubuta sunanku ko na sana'arku a takarda da manyan baƙaƙe. Ku shafe bayan takardar da fensir, ku manna ta a kular, ku bi kan baƙaƙen da biro, za ku ga sawunsu ya fito. Sai ku cike da ƙaramin buroshi. In ya kwana ya bushe, a fesa fentin kariya mara launi sau biyu. Amma a fara gwada shi a gindin kular, domin wani fentin yana yamutsa ɗan'uwansa.

Fenti yana bushewa a hannu cikin awa ɗaya ko biyu, amma bai yi ƙwari ba tukuna. A ajiye kular a inuwa mako guda kafin a fita da ita. Bayan haka wanki da soso mai laushi ne, ban da soson ƙarfe, kuma a daina jan ta a ƙasa.

Kowa ya fara rubuta a takarda abin da yake so ya sa a kularsa, ya nuna a gyara masa kafin ya kai ga fenti.